Dawar Jatau da Ta Fito Wofi

Jatau ɗan Tsoho taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun ina rarrafe nake da izinin tsokanarsa, shi ma yana da nawa, kuma babu wanda ya bar izininsa ya yi tsatsa a cikinmu. Ni ina ce masa gwangwala, don dogo ne siriri, in yana tafiya sai ka ce iska za ta karya shi. Shi kuwa ba ya kirana Falalu sai in akwai baƙo a wurin, “ɗan mace” yake ce mini. Duk aibinsa da na sani na faɗa masa a gaban idonsa, wani ma har da ƙarin gishiri. Abu ɗaya ne ban faɗa masa ba har ƙasa ta rufe masa ido, domin taubashi ba ya yabon taubashi. Shi ne na zauna in rubuta yau.

An haife shi a wata 'yar tunga mai gida goma sha biyu a bakin gulbi, tafiyar hantsi daga Maradun. Tunga kawai muke ce mata. Kada ka wahalar da kanka neman ta, tana ƙarƙashin ruwan dam. Ba ta da kasuwa, ba ta da masallacin Juma'a, abin da take da shi dawa ce. Farar Tunga ake kiranta: doguwa, kanta a sake yana lilo, ƙwayarta fara tas mai tauri, tuwonta ya kwana biyu bai saki ba. Mu mutanen Bakura masu shinkafar fadama mukan yi wa masu dawa kallon ƙauyawa. Amma in uwata ta dawo daga ganin gida da ƙunshin Farar Tunga, ranar babu mai nisa da gida lokacin tuwo.

Kawu Tsoho, uban Jatau, shi ke riƙe da irin. Kafin a sa lauje yakan shiga gona shi kaɗai, ya bi kunya kunya yana zaɓen kawunan da suka fi cika, ya ɗaure su daban da igiyar kaba, ya rataye inda hayaƙin murhu zai riƙa taɓa su. A gidansu ba a sayar da iri, ba a kuma hana wanda ya roƙa. Sai dai akwai sharaɗi guda, kuma a kan mai bayarwa yake: kafin ya miƙa, sai ya faɗi aibin irin da bakinsa. Na sha jin Kawu yana cewa, “Wanda yay yi ƙaryar iri, damana na jiran shi.” Jatau ya gaji tsawon ubansa, ya gaji ɗaurinsa, ya gaji wannan magana.

Kawu bai ga zuwan ruwan ba, Allah ya yi masa sutura shekara biyu kafin a tashe su. Lokacin da aka toshe gulbi a Bakolori, ruwa ya fara hawa, aka zo da manyan motoci aka kwashe mutanen Tunga zuwa kan tudu. Abin da ya gudana tsakanin manoma da hukuma a shekarun nan, wanda ya sani ya sani, kuma ba shi na zauna rubutawa ba. Abin da na gani shi ne Jatau ya loda gado da turmi da matarsa Tabawa a mota, shi kuwa ya taka da ƙafa, damen iri a ka. Ya ce ba za a zauna masa a kan dawa ba. Na yi masa dariya har na gaji.

Ƙasar da aka ba su tsakuwa ce da jan burji. Farar Tunga kuwa ta saba da laka mai riƙe ruwa, don tana daɗewa kafin ta nuna. A kan tudu ruwan sama yana ɗaukewa ƙasa ta bushe, ita kuma lokacin take fid da kai. Damina ta farko ya sami abin da bai fi irin da ya zuba ba. Ta biyu ko hakan bai samu ba. Maƙwabtansa duk suka koma gero da gajeruwar dawa, suka cinye ragowar tasu a tuwo, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya rage na Farar Tunga a duniya, iyakar sanina, gora ɗaya ne a ɗakin Tabawa. Irin dawa kuma ba ya jira har abada, shekara uku in ya yi a ajiye rabinsa ya mutu.

Mu ma a Bakura dam ɗin bai bar mu ba. Ambaliyar da ke shayar da fadamarmu ta daina zuwa, shinkafa ta zama labari. Da yake na yi yaƙi da jahilci, ina iya rubuta lamba ba tare da na juya ta ba, sai na sami aiki a wata gonar gwaji da aka buɗe a gefen kanal, tsakanin Talata Mafara da Bakura. Aikina rubuta lambobi a jikin alluna da littafi. Da aka ce ana neman mai tsawo wanda ya san dawa, na ce ina da gwangwala a gida. Haka Jatau ya zo.

Mai gonar, wato wanda muke aiki a ƙarƙashinsa, Malam Bello ne, wani gajeren mutum daga wajen Zariya, mai malafa da babur, wanda ya yi karatun iri har ƙasar waje amma bai iya cin tuwo da miyar kuka ba tare da ya ɓata riga ba. Kwana uku da fara aikin Jatau, dawa tana bununi, wato tana zubar da garin nan rawaya da ke sa ta ɗauki ƙwaya, sai ya je ya tsaya a gaban Malam. Bayan sun gaisa, gaisuwar da ta kai Malam ga duba agogo, ya ce:

“Malam, gajeruwad dawag ga ta bakin kanal ba ta da lahiya. Na kaɗa kanta da sahe, ko ƙura ba ta tashi ba. Huren nata ya ƙanƙance, hwari hwat. In ta gida ta, da na tuge ta.”

Malam Bello ya dube shi daga sama har ƙasa, abin da ya ɗauke shi lokaci. “Mutum ashirin ke aiki a nan, kai kaɗai ka gani,” in ji shi. “Lafiyarta ƙalau. Haka take, kuma don haka muka ɗauko ta daga nesa.”

Ya tara mu ya yi mana bayani. Ya ce kowane furen dawa akwai mace da namiji a cikinsa, shi ya sa dawa take auren kanta ta haifi irinta. In kana son haɗa iri biyu su ba ka iri mai aure, wanda yake fin iyayensa ƙarfi da yawan tsaba, dole ka sami uwar da ba ta da bununin kanta. Ta haka duk ƙwayar da ta ɗauka ka san daga uban da ka zaɓa mata ta fito.

“To ɗiyan hwa?” in ji Jatau. “Ba su gadon uwassu?”

“Nan aikin yake,” in ji Malam. “Wannan rashi ta wajen uwa ake gadonsa, duk 'ya'yanta da shi suke zuwa. Amma akwai uban da ke ɗauke da makarinsa. In shi ya ba da bununi, 'ya'yan za su fito da nasu bununin, su cika kai da kansu. Akwai kuma uban da ba shi da makari, nasa 'ya'yan sai su fito kamar uwarsu. Da ido ba ka raba su. Sai an gwada.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, aka buga ƙarfen tashi. Mu kuwa muka ƙarasa masa sauran a ranmu, yadda duk manomi zai ƙarasa: mai makari shi ne namijin duniya, marar makari kuwa abin kunya ne. Wa ya taɓa yin alfahari da kan dawa wofi?

A shekarar Malam ya bi ƙauyuka da kasuwanni, Morai, Dosara, Bakura, har Maradun, yana karɓar dawar gida tafi ɗaya tafi biyu don ya gwada. Kaura, farfara, janjari, duk ya tara, iri sittin da uku. Ya ce wadda ta yi masa amfani zai ba ta fili a bakin kanal, a riƙa shuka ta kowace shekara. Sauran kuwa ba shi da wurin ajiye su. Jatau ya yi mako guda yana juya maganar, sannan ya zo da rabin goransa a ƙulle cikin tsumma. Bai miƙa ba sai da ya ce:

“Ga iri, Malam. Aibinta biyu. Tana son ƙasa mai riƙon ruwa, kuma tsuntsu na son ta kamar mi.”

Malam ya ce tun da yake karɓar iri ba a taɓa ba shi da aibinsa a haɗe ba. Ni na rubuta mata lamba, arba'in da ɗaya.

Aka shuka su, suka yi bununi, aka shiga ɗaurin aure. Da hantsi, raɓa ta bushe, sai a lanƙwaso kan dawar gida a kaɗa shi cikin jakar takarda, a kai garin a zazzage a kan gajeruwar uwar nan, a rufe ta. Mu hula muke ce wa jakar. Maƙalan ƙarfen da ake kama bakin hular da su sun ƙare tun makon farko, Jatau ya ce a kawo kaba, ya riƙa ɗaurewa da ɗaurin ubansa, wanda iska ba ta kwancewa amma mai shi yana ja sau ɗaya ya sake. Ranar da aka zo kan arba'in da ɗaya bai bar kowa ya taɓa ba. Na ce masa ko goron ɗaurin aure bai raba ba, ya ce ɗan mace ba ya cikin waliyyai.

Damina ta zagayo aka shuka 'ya'yan, kowane aure da layinsa. Gwajin mai sauƙi ne. Kafin kai ya yi fure sai a sa masa hula, kawuna ashirin a kowane layi, don kada bununin maƙwabta ya shiga. In kan ya cika a cikin hula, uban yana da makari. In ya fito wofi, ba shi da shi. Muka gama sa huluna, Malam ya tafi Zariya wani taro na mako uku, ya ce kada wanda ya buɗe ko ɗaya sai ya dawo.

Bai ce kada a taɓa ba. Da ƙwaya ta fara nauyi muka riƙa bi muna latsa hulunan, kowa yana duba ta garinsu, abin ya zama kamar kokawar gari da gari. Na Morai suka ji tasu dam, suka yi ta buga ƙirji. Ta Bakura ma ta cika, na yi rawa a kan kunya. Wasu layukan rabi da rabi ne. Da muka zo arba'in da ɗaya, na latsa hular farko, takarda kawai na ji. Ta biyu haka. Har ashirin, babu wadda ta yi nauyin ƙwaya goma. Abin da ya ƙara wa abin ciwo, kawunan da ba a rufe ba a layin nan sun cika maƙil, don iska ta kawo musu bununin maƙwabta.

Ni na fara. Na ce ashe dawar Tunga sai da taimakon maƙwabta. Na ce gwangwala dama tsawo ne kawai, ciki rami. Ma'aikata suka ɗauka, har waƙa aka yi. Jatau bai rama ba, kuma wannan ne ya fara damuna, domin tun muna yara ban taɓa jifansa da magana ta faɗi ƙasa ba tare da ya dawo mini da biyu ba.

Ranar Talata na haɗu da Tabawa a kasuwar Mafara ta zo sayen gishiri. Muka gaisa, na tambayi gida da yara da gajiya. Sai ta ce:

“Hwalalu, mi kunka yi ma ɗan'uwanka? Kwana huɗu ba shi cin tuwo sai ya taɓa ya tashi. Rabin goran da yar rage ya shuka shi bana bayan gida, ya bushe tun bai hid da kai ba. Yanzu ba sauran ko ƙwaya sai wadda ag ga Malamin ku.”

Ban san da wannan ba. Ko Malam ya mayar masa da ɗan irin da ya rage a ambulan ɗin ajiyarsa, ina zai shuka shi? Fili mai ruwa ɗaya ne, na bakin kanal, kuma ni da bakina na yi wa dawar waƙar rashin cancantarsa. Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, kuma su biyun nan in suka haɗu a kan mutum irina ba sa haifar da hankali.

Ranar Juma'a kowa ya tafi masallaci a Mafara, na ce cikina yana ciwo. Na mirgino durom na hau, na kwance huluna uku a layin Jatau, na yanke kawunan wofin na cusa su cikin ciyawar bakin kanal, na sa hulunan a kan cikakkun kawuna uku na kusa, na ɗaure. Uku kawai na yi. Na ce ashirin za ta zama ƙarya, amma uku taimako ne, a ce dai dawar Kawu ba ta mutu gaba ɗaya ba. Na sauko ina jin kaina mutumin kirki, har na yi sallar azahar da natsuwa.

Washegari da sassafe ina jera alluna sai ga inuwar Jatau a kaina.

“Ɗan mace, taho.”

Ya kai ni layin, ya nuna hula ɗaya, ya nuna ta biyu, ya nuna ta uku. Bai ko latsa su ba.

“Wanga ɗauri na ƙunshin daddawa, duk ƙasag ga mutum guda na sani da ka yin shi. Ina kawunan da kac cire?”

Na fara rantsuwa, ya ɗaga hannu. Na ce don shi na yi, don Kawu na yi, in Malam ya ga ashirin wofi zai zuba wa kaji ragowar. Na ce masa wa zai sani?

“Damana za ta sani,” in ji shi. “In Malam ya ɗauke ta bisa ƙarya, ya raba ma mutane ɗiyanta, sunka shuka gona guda ta hito wohi, sunan wa za a kira? Na Tunga. Gwamma ta mutu da sunanta mai kyau. Tahi ka ɗauko.”

Allah ya taimake ni awaki ba su riga ni ba. Na kawo kawunan uku, ya karkaɗe su, ya ɗaure su wuri ɗaya, ya kai ɗakin ajiya. Hulunan kuma ya bar su inda na sa su, ya ce ba zai gyara ɓarna a ɓoye ba, shi ma wani ɓoyon ne. Kwana biyun da suka rage ban yi barcin kirki ba. Ina tsoron korar da za a yi mini, ina kuma jin haushinsa, haushin mutumin da ka san ya fi ka gaskiya.

Ranar Litinin Malam ya dawo. Aka fara daga layin farko, ana buɗe hula yana dubawa yana faɗa ina rubutawa. Cike. Cike. Cike. In ya tarar da layi wasu cike wasu wofi sai ya ce, “Gauraye, wuce,” ko tsayawa ba ya yi. Na lura fuskarsa ba ta nuna murnar da muke jira ba, ko a kan ta Morai da ake ta yi wa kirari. Da muka iso arba'in da ɗaya ma'aikata suka matso, wasu suna danne dariya. Jatau ya riga kowa, ya tsaya a bakin layin da kawuna uku a hannu.

“Malam, kahin ka buɗe. Ran da nib ba ka irin ga na ce maka aibinta biyu. Ashe ukku na, ban sani ba. Ba ta da makari. Ashirin ɗin duk wohi sunka hito. Ukkun da za ka ishe cike ba nata ba na, ga nata nan. Wani mai ƙaunata na yas sauya su, wanda bai iya ɗauri ba.”

Babu wanda ya dube ni, amma alƙalamin ya yi mini nauyi. Malam bai tambayi ko wane ne ba. Ya karɓi kawunan uku ya murza su a tafin hannu, ƙaiƙayi kawai. Ya sa aka lanƙwaso sauran sha bakwai, ya buɗe su da kansa ɗaya bayan ɗaya, yana duba busasshen furen da ya zube a gindin kowace hula. Da ya gama sai ya cire malafarsa ya zauna a kan kunya, cikin laka, da wandonsa na zuwa taro.

“Jatau, ka san shekara nawa nake neman wannan? Bakwai.”

Ya ce masu makari ko'ina ya juya a ƙasar nan su yake samu, ga su nan fiye da hamsin a gona ɗaya. Amma uwar fa, wadda ba ta da bununi, wa zai haifa mana ita baɗi? In ya ba ta uba mai makari, 'ya'yanta sun warke, ya rasa uwa. Uban da ba shi da makari ne kaɗai zai ba ta 'ya'ya irinta, a sami abin ci gaba da aure da shi. Gajeruwar nan kuma baƙuwa ce, ruwanmu yana ɓata mata ƙwaya, tuwonta ma duk mun ci mun ji. Abin da yake nema tun farko dawar gida ce marar makari, wadda zai mayar uwa.

“Da na tarar da uku cike a layin nan,” in ji shi, “da na ce gauraye, na wuce.”

A nan na zauna a kan durom ɗin da na hau ranar Juma'a. Da taimakona ya tsaya, da ni na kashe Farar Tunga da hannuna, ina murmushi. Jatau kuwa bai yi murna nan take ba. Ya tsaya yana juya maganar yadda yake juya komai, sannan ya tambaya:

“Wato za a shuka ta?”

“Dole. Uwar ba ta rayuwa sai da ita a gefenta.”

“Kowace shekara?”

“Kowace shekara, muddin ana son irin.”

Ya gyaɗa kai. Ya juya ya dubi na Morai da suka yi masa waƙa, ya tafi ya ɗauko fartanyarsa.

Aka ware wa Farar Tunga fili can ƙarshen kanal, nesa da kowace dawa, ƙasa baƙa mai laka kamar ta gida, aka ce Jatau ne mai kula da shi. Aikin da ya biyo baya na haƙuri ne. A ɗauki 'yar da ta fito babu bununi a sake ba ta na Farar Tunga, 'yarta ma haka, jikarta ma haka, har sau shida, kowane zubi yana ƙara kama da uban. Da damina kaɗai za a jira, shekara shida ke nan. Amma ruwan dam yana kanal rani da damina, sai aka riƙa yin zubi biyu a shekara. Jatau ya ce ruwan da ya ci Tunga ya fara biyan kaɗan daga abin da ya ci. A shekara ta uku ya kira ni ya nuna mini layi biyu gefe da gefe, tsawo ɗaya, kai ɗaya, fari ɗaya. Ya ce in nuna masa uwar. Na kasa. Ya ɗan kaɗa na dama, gari rawaya ya tashi a hasken hantsi. Ya kaɗa na hagu, babu komai.

Daga baya aka yi wa Malam Bello canjin wurin aiki, ya tafi da irin layukan biyu a cikin gwangwanaye. Inda 'ya'yansu suka kai, da ko an raba wa manoma iri mai aure daga gare su, ban sani ba, kuma ba zan yi ƙaryar iri a kan takarda ba. Gonar gwajin ma ta yi ta raguwa har ta koma gonar tumatir. Amma kafin nan Farar Tunga ta tashi daga rabin gora ta koma buhuna, kuma Malam ya bar wa Jatau rabonsa. Mutanen Tunga da suka warwatse suka ji labari. Wasunsu sun gano cewa bakin dam, inda ruwa ke ja da baya, yana riƙe laima kamar tsohuwar fadamarsu. Suka riƙa zuwa ɗaya ɗaya da ƙwarya, wasu tsofaffi suna ganin ƙwayar suna share ido. Bai sayar wa kowa ba, bai hana kowa ba. Kowa kuma sai ya ji aibi uku kafin ya karɓa, na ukun da ɗan ɗaga murya, ko da mai karɓar bai san mene ne makari ba.

Ni ne na ƙarshen zuwa. Na daɗe ina jin nauyi, sai da na sami ɗan fili a gefen kanal sannan na je gidansa da ƙwaryata. Tabawa ta kawo fura, muka gaisa kamar baƙi. Ya shiga ya fito da kawuna goma zaɓaɓɓu da igiyar kaba, ya zauna a gabana.

“Ga iri, ɗan mace. Tana son ƙasa mai riƙon ruwa. Tsuntsu na son ta. Ba ta da makari.” Ya miƙo mini kawunan. “Kai kau aibinka guda na, kuma shi yac cece ta. Da ka iya ɗauri, da ban gane ba.”

Abin da ya kamata in ce a ranar shi ne: Jatau, ban taɓa sanin mutum kamarka ba, kuma ina alfahari da cewa jininmu ɗaya. Ban faɗa ba. Na ce masa furar ta yi tsami.

Har ya koma ga Allah, shekara goma sha ɗaya bayan haka, bai gaya wa kowa wanda ya sauya hulunan ba, ko Tabawa sai a bakina ta ji. Amma a ranar, kafin in tashi, ya jawo hannuna ya ɗora a kan kabar, ya ce tunda yanzu iri zan riƙe ba littafi ba, bari ya koya mini. Sau biyar ina yi yana kwancewa. Bana ma na shiga gona kafin a sa lauje, na zaɓi kawuna, na ɗaure da ɗaurin Kawu, na rataye a hayaƙi. Mutum biyu sun riga sun zo roƙo, kuma na faɗa musu duka ukun.